Sawun Jirgin Togoi

Kafin in iso Gurdai, garin ya riga ya gama bincikensa ya yanke hukunci. Abin da ya rage kawai shi ne jandarmomi su buɗe ƙofa su miƙo Sugui.

Ƙaramin jirgin likitoci ne mai farfela ɗaya, wanda ke kawo mana magani yana kwashe marasa lafiya zuwa Njamena. Ya tashi da hantsi, ya ɗaga hanci sama fiye da yadda aka saba gani, ya yi kamar ya tsaya cak a iska, sannan ya karkata hagu ya faɗo a cikin duwatsun da ke bayan filin jirgi. Matuƙinsa Togoi shi kaɗai ne a ciki, kuma bai kai azahar ba. Ɗan gari ne, autan Inna Herde, tare muka yi firamare da shi. Washegari da safe aka tarar an ɓalle ƙofar kaya ta wajen wutsiya, ga kuma wata sandar ƙarfe yashe a gefe. Kowa ya san sandar nan. Ta Sugui ce, makanikin da ke duba jirgin duk lokacin da ya sauka.

Sugui ɗan maƙera ne, kuma a wurinmu wannan kaɗai rabin shaida ne. Muna sayen wuƙa a hannunsu, su ɗinke mana sirdi, su buga mana ganga ranar biki, amma ba ma haɗa kwano da su. In abu ya lalace, ba a nisa wajen neman mai laifi.

Ofishinmu na binciken haɗarin jirage ya turo ni saboda ni kaɗai ke jin Dazaga, harshen garinmu, a cikinsu. Wai ai gida za ni, aikin zai zo mini da sauƙi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa yi wa mutanen da suka san shi tun yana yawo da majina tambayoyi ba.

*

Kwamanda Ngaro, shugaban jandarmomin garin, mutumin kudu ne, kuma kallo ɗaya za ka yi masa ka san ya ƙosa a mayar da shi inda ake ruwan sama. Ya zuba mini shayi, ya nuna mini taga da haɓa. Can ƙarƙashin wata bishiyar aduwa maza ne zaune, kowa da wuƙarsa a damtse.

“Dangin matuƙin ne, Madam Ashta,” ya ce. “Wancan dogon mai baƙin rawani Barkai ne, wansa. Ya ce mini ba za su taɓa kowa ba sai an tashi zaman makoki. Jibi ke nan. Ni kuma ba ni da mutanen da za su tare gari guda.”

“To ka fitar da shi daga garin mana.”

“Da matarsa da 'ya'yansa da dukan unguwar maƙera? Ke dai ki rubuta a takardarki ko shi ne ko ba shi ba ne, kowa ya huta.”

Na gaya masa abin da nake gaya wa kowa. Rahotonmu ba ya ɗaukar sunan mutum, kuma ba ya cewa wane ne mai laifi. Yana faɗin yadda iska take ranar, da lafiyar inji, da irin man da aka zuba, da nauyin kaya da inda aka ajiye su, da ko matuƙi ya yi barci ya ci abinci, da alamun da jirgi ya bari a ƙasa. Abin da mutane suka gani da ido yana shiga, abin da suke zato ba ya shiga. Ana rubuta shi ne don kada wani jirgin ya sake faɗuwa a kan dalili ɗaya.

Kwamanda ya kurɓi shayinsa ya ce, “Kyakkyawar takarda. Ki fita ki karanta wa Barkai ita.”

*

Sugui yana zaune a ɗakin ajiyar kayan jandarmomi, a kan wata tsohuwar taya. Ya rame, amma bakinsa na nan.

“'Yar Wardugu, ke aka turo? To Allah ya sa bokon ya yi rana.”

“An ce kun yi faɗa da Togoi da safen ranar.”

“Kullum muna faɗa. Ya ce in sake tace mai, na ce na tace, ya ce in sake. Na sake. Shi fa mutum ne da ko ƙuda ya sauka a fiffike sai ya tambayi nauyinsa.”

“Me kuka loda?”

“Akwatunan magani, babu komai a ciki. Sai injin wutar asibiti da za a kai gyara, muka ɗaure shi a bayan kujeru. Ya zagaya jirgin ya rufe ƙofar baya da hannunsa, ya tafi inuwa ya yi nafila kamar yadda ya saba. Ni kuma na tafi ƙarshen fili in kori raƙuma. Daga can na ga abin.”

“Ƙofar bayan tana da makulli?”

“Ya lalace tun bara. Murɗawa kawai ake yi.”

“Sandar fa?”

“Tawa ce. Tana jingine a rumfata, rumfar kuma ba ƙofa. Ki gaya mini, mutumin da ya lalata jirgi tun yana ƙasa, me zai koma nema a cikinsa bayan ya faɗi? Har ya bar sandarsa kamar mai barin saƙo?”

Tambayar da na yi ta yi wa kaina ke nan a hanya. Da zan fita ya kira ni, muryarsa ta sauka. Ya ce tun ranar 'yarsa ba ta iya zuwa rijiya, sai maƙwabta su ɗebo musu a ɓoye.

*

A filin jirgi na tarar da Kawu Allaci, ƙanin mahaifiyata, zaune a kan dutse yana jirana kamar mun yi alkawari. Shi ne mai bin sawun garinmu. In raƙumi ya ɓata ko an sace, wurinsa ake zuwa, kuma ya taɓa bin ɓarayi har bakin iyaka ya dawo da garke. Da shi da ni ba ma minti biyar ba mu yi musu ba, tun ina ƙarama haka muke.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne filin. Daga farko har ƙarshe an kife tasoshi da kwanoni da tsofaffin tukwane, kowanne da dutse a kai.

“Kawu, kasuwa ka buɗe?”

“Iska ba ta jiran mutanen Njamena. Tun ranar na rufe abin da na gani. Matan unguwa duk sun tsine mini, ba kwanon tuwo a gidajensu.”

Wallahi na ji kamar in rungume shi, amma ba mu saba ba, sai na ce masa ya kyauta.

Na fara da gawar jirgin. Na zuƙo mai daga tankin da bai fashe ba, na ɗaga kwalbar a rana: tas yake, ba ruwa ba yashi. Na duba farfela. Yadda ta lanƙwashe, da yadda ta sassare ƙasa kafin ta tsaya, ya nuna injin na aiki da ƙarfinsa har lokacin da ya bugi dutse. Na bi wayoyin da ke juya wutsiya da fukafukai ɗaya bayan ɗaya, ba wadda aka yanke, ba wadda aka kwance. Injin wutar asibiti yana nan a ɗaure inda Sugui ya ce. Can baya kuwa, bayan labulen roba, wurin kayan wayam yake, har kamar an share shi.

“Jirgin nan lafiyarsa ƙalau,” na ce.

“To me ya kayar da shi?”

“Abin da ya kawo ni ke nan, Kawu. Ba yawon ganin dangi na zo ba.”

Ya nuna mini sawun mota mai manyan tayoyi da ya zo daga arewa ya tsaya daf da jirgin, da sawun takalman soja guda uku. Masu haƙar zinariya ne, in ji shi, sansaninsu na bayan tsauni. Raina ya ba ni su ne. Mutanen da ke yawo da na'urar neman ƙarfe ba za su ga jirgi a ƙasa su wuce ba.

Muka hau motar Kwamanda muka tafi. Shugabansu wani Balarabe ne mai suna Annur, ya tarbe mu da fushi tun kafin mu gama sallama.

“Mun je, ƙwarai. Mu muka fara isa. Mu muka zaro shi, na cire rawanina na yi masa inuwa har danginsa suka zo. Yanzu ladanmu ke nan, a zo a ce mu ɓarayi ne?”

“Ƙofar baya a buɗe take lokacin?”

“A rufe, ta lotse ciki. Yarona ya ja ta don ya ga ko da wani a baya, ta ƙi. Ki bincike tantunanmu in kina so, hajiya.”

Na bincika kuwa, don ni ba a yi mini gatse. Ban sami ko ƙusa ta jirgi ba. A hanyar dawowa Kawu ya ce shi ma ya so a ce su ne. Na tambaye shi dalili, ya juya yana kallon tsauni.

*

Da la'asar muka koma kan tasoshinsa. Ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya daga inda jirgin ya fara gudu. Sawu uku ne a jere, tayoyin gefe biyu da ta gaba a tsakiya.

“Na sha kallon sawun jirgin nan,” ya ce. “Ƙafarsa ta gaba takan taka ƙasa sosai har ya wuce wancan dutsen mai fari. Duba nan. Tun bai yi nisa ba ta fara shafar ƙasa kawai, tana taɓawa tana ɗagawa. Nan kuma ta ɓace.”

Ya ɗaga wata babbar tukunya. A ƙarƙashinta akwai wani dogon karce tsakanin tayoyin biyu, kamar an ja sanda a ƙasa.

“Wannan ban san shi ba. Bai taɓa yin sa ba. Da raƙumi ne, sai in ce an ɗora masa kaya a kan kuturi, gabansa ya yi sauƙi. Amma jirgi ban san halinsa ba.”

Ni na san halinsa. Karcen nan wutsiya ce ta ja ƙasa. Jirgi kamar sikeli yake, in nauyi ya koma can baya, hancinsa zai ɗaga da kansa, matuƙi ya tura sandar tuƙi iya ƙarfinsa ba za ta amsa ba, har iska ta sake shi. Abin da mutanen gari suka gani ke nan. Injin wutar asibiti ya riga ya cinye kusan duk abin da baya ke iya ɗauka. Wani ya ƙara kaya masu nauyi a bayan labule, bayan Togoi ya rufe ƙofa, kuma bayan faɗuwar ya dawo ya kwashe.

“Me aka saka, Kawu?”

Awaki ne suka amsa mini. Wasu awakin unguwa sun kutsa ƙarƙashin igiyar da jandarmomi suka kewaye wurin da ita, sun yi cincirindo a bakin ƙofar da aka ɓalle, suna lasar ƙarfe kamar an zuba musu dusa. Na kore su na durƙusa. A cikin tsagar daɓen jirgin akwai wani farin gari. Na ɗanɗana: kanwa. Kusa da ita tururuwa sun yi layi suna fita da wani abu mai danƙo daga ƙarƙashin wani ƙarfe da ya lanƙwashe. Na sa yatsa na zaro. Guntun dabino ne, irin wanda ake dannawa a buhun fata ya yi nauyi kamar dutse.

Saura tasa ɗaya da Kawu bai ɗaga ba, can gefen wutsiya. Na miƙa hannu, ya riga ni ya taka ta da ƙafa.

“Sawun raƙumi ne,” ya ce. “Taguwa. Ta zo ba kaya, an durƙusar da ita nan, ta tafi da kaya.”

“Ta wa?”

“Raƙuma suna da yawa a garin nan, Ashta.”

“Kai da kake gane taguwar da ta yi ɓari daga sawunta, yau kai ne raƙuma suka yi maka yawa?”

“Ki je ki yi ta'aziyya tukuna. Tun da kika zo ba ki je ba, abin kunya ne.”

*

Na je. Inna Herde tana zaune a tsakiyar mata, ta ƙanƙance, carbi a hannu. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce Togoi yakan ba ta labarina, wai ni ce mai tonon asirin jirage.

Ban tambaye ta komai ba, ita ta yi ta magana. Matar Togoi ta haihu a Njamena, namiji, ɗansu na fari. Ranar da ya faɗi, bikin sunan za shi.

“Na tanadar wa mai jego dabinon gonarmu da kanwar rijiyar kakansa,” ta ce. “Ya zo sallama na ce ga saƙo. Ya ce, Inna, ba wuri, jirgi ya cika, zan aiko mota ta ɗauka. A gaban mutane ya ce mini haka. Wa ya taɓa jin matafiyi ya ƙi saƙon uwarsa? Direban babbar mota ma ba ya ƙin saƙon baƙo. Na yi fushi, na ƙi sa masa albarka da baki. A zuci na sa.”

Sai ta fashe da kuka, matan suka taya ta. Ni kuwa na zauna kamar an dasa ni. Da na fito tsakar gida na ga taguwar Barkai a ɗaure tana tuƙa. Ta ɗaga ƙafar baya ta hagu don korar ƙuda, na hango facin fata a tafinta, irin wanda ake ɗinka wa raƙumi in dutse ya yanke shi.

Kawu yana jirana a ƙofar gida. Na ja shi gefe, raina a ɓace.

“Tun ranar farko ka sani.”

“Na san taguwar. Ban san abin da ta ɗauka ba sai yau, kuma ban san dabino na iya kayar da jirgi ba sai da kika faɗa.”

“Yanzu ka sani.”

“Herde ta shayar da uwarki lokacin da kakarki ta kwanta ciwo. In na buɗe baki, na kashe tsohuwar nan sau biyu.”

“In ka rufe shi za a kashe Sugui sau ɗaya, kuma ɗayan ya ishe shi.”

“Ba kin ce takardarki ba ta ɗaukar suna ba? Ki rubuta jirgi lafiyarsa lau, makaniki ba ruwansa. Ki bar dabinon a waje.”

“In na bar dabinon a waje, me zan ce ya kayar da shi? Sai a ce Togoi ne bai iya tuƙi ba. Kuma wani jirgin zai zo, wata uwar za ta ba da saƙo, wani ɗan zai murɗa ƙofa ya saka. Dabinon nan sai ya shiga, Kawu, ko da garin nan zai daina gaishe ni.”

Sai ya ce taurin kaina na uwata ne, kuma in gaya wa Kwamanda ya tara mutane a filin jirgi gobe da safe, kowa ya zo a kan abin hawansa.

*

Suka zo. Dattawan gari, da Annur mai zinariya, da dangin Togoi a kan raƙuma, Barkai a gaba. Kwamanda ya kawo Sugui a tsakiyar jandarmomi biyu. Mata suka tsaya nesa kaɗan, Inna Herde a cikinsu, don ta ce sai ta ga inda ɗanta ya faɗi.

Na bi da su filin daga farko. Na nuna musu kwalbar mai, na nuna farfela, na nuna wayoyi. Kawu ya riƙa ɗaga tasoshi ina bayani. Da muka kai kan karcen wutsiya na gaya musu abin da nauyin baya ke yi wa jirgi, na kwatanta musu da sikelin mai gishiri.

Barkai ne ya katse ni. “Mun ji karatu, 'yar Wardugu. Suna muke so. Sandar wa aka tsinta?”

“Sandar Sugui. Daga rumfar da ba ta da ƙofa.”

“To me ya rage?”

“Abin da aka ɓalle ƙofar don a ɗauka.” Na buɗe tafin hannuna, ga guntun dabino da garin kanwa. “Wannan ne ya rage a bayan labule. An saka shi lokacin da Togoi ke salla, Sugui yana can yana korar raƙuma.”

Kawu ya taka a hankali zuwa tasa ta ƙarshe, ya cire dutsen, ya ɗaga ta, ya koma gefe ya tsuguna.

A garinmu ba namijin da ba ya karanta sawu, bambancin kawai wani ya fi wani. Dattawan suka sunkuya. Tafin taguwa ne, ƙafar baya ta hagu, da zanen faci da ɗinkinsa a fili. Sai idanu suka tashi daga wannan sawun suka bi wani sabo fil, wanda aka taka da safen nan, suka bi shi har inda taguwar Barkai ke durƙushe.

Sugui ya leƙo ta kafaɗar jandarma. “Ɗinkina ne wannan,” ya ce. “Da kaka na yi shi.”

Barkai ya kai hannu damtse. Jandarmomin suka gyara tsayuwa. Amma kafin kowa ya motsa, muryar Inna Herde ta taso daga cikin mata, ba da ƙarfi ba.

“Barkai. Ka ce mini ka ba direban mota.”

Dogon mutumin nan ya sulale ya zauna a ƙasa. Rawaninsa ya warware bai gyara ba.

“Kin yi kuka, Inna,” ya ce. “Kin ce ƙanina ya kunyata ki a gaban mutane. Na ce a raina, buhu uku ne kawai, jirgin da ke ɗaukar mutum shida. In ya sauka ya gani sai ya yi dariya, ya kai wa matarsa. Da ya faɗi, ban san su ne ba, wallahi ban sani ba. Tsoro na ji kada a gani a ce wani abu. Bayan asuba na zo na kwashe. Da aka tsinci sandar aka fara kiran sunan maƙeri, sai na ji sanyi a raina, na ce to ashe ba ni ba ne. Na riƙe wannan da hannu biyu.”

Ban ji tausayinsa ba a lokacin, gaskiya, sai daga baya. Ina kallon Sugui ne, wanda har yanzu ke tsaye tsakanin jandarmomi.

Barkai ya kwance wuƙarsa da kubenta, ya rarrafa ya ajiye a gaban Sugui. A wurinmu ba abin da namiji zai yi da ya wuce wannan, balle a gaban maƙeri.

Sugui ya dube ta. “Ɗauki abarka. Ni na ƙera ta, na san kaifinta. Ka je rijiya da kanka ka gaya wa mata 'yata za ta zo ɗiban ruwa. Sandata kuma a ba ni, ina da aiki da ita.”

Kwamanda ya tafi da Barkai, don ɓalle jirgin da ake bincike a kansa da ɓoye shaida laifi ne, bin sa kuma aikin jandarma ne, ba nawa ba. Kawu ya bi filin yana tattara tasoshin mutane. Da ya zo wucewa kusa da ni ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, in saka a takardata cewa a gyara makullin nan. Na ce yana ciki, har da sikeli a bakin fili, da wani dattijo da zai riƙa tsayawa yana ƙin saƙo a madadin matuƙi, don kada a sake barin yaro shi kaɗai da kunyar uwarsa.

*

Ranar da zan koma, Inna Herde ta aiko a kira ni. Na je ina ɗar-ɗar, na shirya wa tsinuwa. Na same ta ita kaɗai a ɗaki, matan makoki sun watse.

“Karanta mini abin da kika rubuta,” ta ce.

Na juya mata shi da Dazaga. Iska kaɗan ce daga gabas. Inji lafiya, mai lafiya. Matuƙi ya yi barci, ya karya kumallo, ba shi da ciwo. An sami kaya masu nauyi a can bayan jirgin, waɗanda aka saka ba da sanin matuƙi ba, su suka sa hanci ya ɗaga har jirgin ya faɗi.

“Sunana fa?”

“Ba a sa suna, Inna. Ba naki, ba na Barkai, ba na kowa.”

“Ko nasa?”

“Ko nasa. Matuƙi kawai ake cewa.”

Ta ci gaba da jan carbi, har na ɗauka mun gama. Sai ta ce, “Akwai abin da kika bari. Kin ce abin da aka gani da ido, aka ji da kunne, yana shiga.”

“Yana shiga.”

“To an kawo masa kayan nan a gaban mutane, ya ce a'a. Uwarsa ce ta roƙe shi, ta yi fushi, ya ce a'a. Yaron nan da aka haifa zai girma ya yi boko, wata rana zai nemi takardar nan ya karanta. Ki rubuta masa cewa ubansa ya ƙi, mu ne ba mu ji ba.”

Na zaro alƙalami. Na dafa takardar a gwiwa. A ƙarƙashin bayanin kaya na ƙara layi ɗaya: kafin tashi an nemi matuƙi ya ɗauki waɗannan kaya, ya ƙi, ya ce jirgin ya cika. Na karanta mata.

“Haka ya ce,” in ji ta. “Jirgi ya cika, Inna.”